SHARHI: Awon Da Ya Gagari Mudu: Wa Ke Iya Karanta Manhajar Da Muke Dogaro Da Ita?

A watan Fabrairun 2024, ofishin da ke kula da tsaron intanet a fadar shugaban Amurka ya fitar da wani rahoto mai ɗauke da buƙatu biyu. Ta farko ita ce ta cika kafafen yaɗa labarai: a rage rubuta manhajoji masu muhimmanci da tsofaffin harsunan kwamfuta irin su C da C++, a koma ga waɗanda ke toshe wasu nau'o'in kuskure tun daga tushe. Ta biyun kuwa ba ta samu irin wannan kulawa ba, alhali ta fi nauyi. Ofishin ya amsa cewa har yau duniya ba ta da amintaccen ma'aunin da za a ɗora wa manhaja a ce ga iyakar ingancinta, ya kuma lissafa wannan cikin matsaloli mafi wuya da masu bincike ba su warware ba.

Wata biyar bayan haka, ranar 19 ga Yuli, wani ɗan ƙaramin sabuntawa da kamfanin tsaro na CrowdStrike ya tura ya durƙusar da kwamfutoci kusan miliyan 8.5 masu amfani da Windows, bisa ƙiyasin Microsoft. Jirage suka kasa tashi, asibitoci suka ɗage aikin tiyata, bankuna suka tsaya cak. Da kamfanin ya fito da bayanin abin da ya faru, sai ga shi wani sashe na manhajar an tsara shi ya karɓi bayanai 21, sashen da ke miƙa masa kuma 20 yake bayarwa. Na 21 ɗin da babu shi aka je nema a inda ba a ajiye komai ba, komai ya rushe.

Irin wannan manhaja ce ake kira manhajar tushe. Ita ce wadda mai amfani ba ya gani: zuciyar Windows ko Linux ko Android, da 'yan manhajojin da ke magana da injin mota, da na'urar asibiti, da turken sadarwa, da injin cire kuɗi. In manhajar hira ta sami tangarɗa, rufe ta ake yi a sake buɗewa. In ta tushe ce ta yi tuntuɓe, da dukan abin da ke kanta take faɗuwa. Kuma tana da tsawon rai, domin akwai layukan da aka rubuta shekara 30 da suka wuce da har yau suke aiki a cikin wayar da ke hannunka. Wanda ya rubuta su ya canza aiki ko ya tsufa ko ya rasu, wani ne dabam zai buɗe ya karanta ya gyara. Shi ya sa tambayoyi biyu suka zame wa injiniyoyi ƙarfen ƙafa: shin rubutun manhajar yana karantuwa ga wanda ba shi ya rubuta ba? Kuma ana iya taɓa wani gefe nasa ba tare da wani gefen ya ɓalle ba?

Ranar da ma'auni ya shiga kotu

Wurin da aka fi ganin amfanin awo a fili shi ne wata kotu a jihar Oklahoma ta Amurka, a watan Oktoban 2013. Wata dattijuwa ce ta kai ƙarar Toyota, tare da iyalan ƙawarta. A 2007 tana tuƙa Camry samfurin 2005, irin wadda ba ta ɓuya a titunanmu, motar ta ƙwace da gudu yayin da take sauka daga babbar hanya. Ita ta ji mummunan rauni, ƙawar tata da ke gefe ta rasu. A irin wannan mota babu waya tsakanin totur da inji. Direba na takawa ne, kwamfuta ta karanta, ita ta yanke yawan iskar da za ta shiga.

Lauyoyin masu ƙara suka gabatar da ƙwararru biyu, Michael Barr da Farfesa Philip Koopman na Jami'ar Carnegie Mellon. Barr da tawagarsa sun shafe fiye da shekara guda suna karanta asalin rubutun manhajar a wani ɗaki mai tsananin tsaro, ƙarƙashin sharuɗɗan sirri. Abin da suka gaya wa kotu cike yake da alƙaluma.

Babba daga ciki shi ne ma'aunin McCabe, wanda Thomas McCabe ya ƙirƙiro a 1976. Fahimtarsa ba wuya. Ɗauki kowace gaɓa ta manhaja a matsayin hanya, duk inda aka ce “in kaza ya faru yi kaza, in bai faru ba yi kaza” mararraba ce. Ƙirga mararrabun ka ƙara ɗaya, ka sami makin gaɓar, wanda kuma shi ne adadin hanyoyi masu zaman kansu da mai gwaji zai bi kafin ya ce ya zagaye ta. McCabe ya ba da shawarar kada maki ya wuce 10. A manhajar Toyota, in ji Barr, gaɓoɓi 67 sun haura 50, matakin da ake ɗauka cewa gwaji ya gagara. Gaɓar da ke lissafa buɗewar totur ita kaɗai ta kai 146.

Sai kuma abin da za a iya kira rumbunan gayya, wato wuraren ajiyar bayani da kowane sashe na manhaja ke iya sa hannu ya canza. Ƙwararru na son su kasance 'yan kaɗan ƙwarai, saboda in aka tarar da ɓarna a ciki ba a san wa za a tuhuma ba. An ƙirga kimanin 10,000 a wannan manhaja. Barr ya kuma ce ya sami saɓa wa ƙa'idojin MISRA, waɗanda masana'antar motoci ta Birtaniya ta tsara domin rubutu da harshen C, har sau 81,514.

Masu taimaka wa alƙali suka yanke cewa Toyota ta biya dala miliyan 3, suka kuma same ta da ganganci. Kafin a zauna kan diyyar ladabtarwa, kamfanin ya sasanta da masu ƙara.

Sai dai adalci ya wajabta a faɗi ɗaya gefen. Tun a Fabrairun 2011, injiniyoyin hukumar NASA, bayan binciken wata 10, sun ce ba su gano wata matsalar lantarki da za ta iya buɗe totur haka da kanta ba, duk da cewa su ma sun lura da dubban saɓa wa ƙa'ida a rubutun. Toyota ba ta taɓa amsa cewa manhajarta ce ta jawo haɗarin ba. Tarar dala biliyan 1.2 da ta biya gwamnatin Amurka a 2014 ta shafi ɓoye gaskiya ne game da shimfiɗar ƙafa da ke danne totur da kuma totur mai maƙalewa. To me alƙaluman suka tabbatar ke nan? Ba su nuna layin da ya kashe mutum ba. Sun nuna cewa rubutun ya cakuɗe har ta kai babu mai iya rantsuwa cewa babu irin wannan layi a ciki, ko da kamfanin ne da kansa. A ganina wannan shi ne iyakar abin da ma'auni ke iya yi, kuma ba ƙaramin abu ba ne.

Inda mudun ke yin ƙarya

Matsalar tana farawa ne idan aka juya zancen, aka ce tunda maki mai yawa alamar haɗari ce, to maki kaɗan shaidar lafiya ce.

Bayan McCabe an yi ta ƙirƙiro wasu ma'aunai. Maurice Halstead a 1977 ya ƙirga kalmomi da alamomin da ke cikin rubutu. A 1992 Paul Oman da Jack Hagemeister na Jami'ar Idaho suka haɗa na McCabe da na Halstead da yawan layuka suka fitar da maki guda na sauƙin gyara. An daidaita lissafin ne da wasu manhajojin kamfanin Hewlett-Packard na wancan zamani, amma har yau wani nau'insa na nan a cikin Visual Studio na Microsoft, yana ba da maki daga 0 zuwa 100 da launin kore ko ɗorawa ko ja. Manaja na son irin wannan, domin ya fi sauƙin kai wa taro fiye da layi dubu ɗari.

Da masu bincike suka zo gwada ma'aunan da kan ɗan Adam, sai labari ya sha bamban. Raymond Buse da Westley Weimer sun ba ɗalibai 120 guntayen rubutu su faɗi wanne ya fi karantuwa, suka gano cewa abubuwa na zahiri kamar tsawon layi da yawan sunaye a layi ɗaya da barin sarari su ne suka fi tasiri a ido. Amma daɗin ido dabam, fahimta dabam. Simone Scalabrino da abokan aikinsa sun ɗauki ma'aunai 121, suka ba masu rubuta manhaja guntaye su karanta, sannan suka yi musu tambayoyi don a ga ko sun gane da gaske. Babu ko ɗaya daga cikin 121 ɗin da ya nuna alaƙa mai ƙarfi da ainihin fahimta.

Misalin da ya fi burge ni ya fito ne daga Apple. A Fabrairun 2014 aka gano cewa a sashen da ke tantance ko shafin intanet na gaskiya ne ko na bogi, an maimaita wani gajeren layi sau biyu a jere. Na farko yana ƙarƙashin sharaɗi, na biyun yana aiki ko da yaushe, yana tsallake matakin tantancewa na ƙarshe. An jera su daidai da juna, ido na wucewa bai ga komai ba. Layin bai ƙara ko mararraba ɗaya ba, don haka makin McCabe bai motsa ba. Akwai wasu kayan bincike da za su iya yin gargaɗi cewa wani yanki ya zama ba a isa gare shi, amma ma'aunin karantuwa ba ya cikinsu. Haka ma na CrowdStrike: kowane sashe in ka karanta shi kaɗai lafiya lau yake, ɓarakar tana tsakaninsu ne, a wurin da ma'aunin gaɓa ɗaya-ɗaya ba ya leƙawa.

Ga kuma halin ɗan Adam. Masanin tattalin arzikin Birtaniya Charles Goodhart ya lura tun 1975 cewa da zarar an mayar da ma'auni abin da ake hukunci da shi, sai ya daina faɗin gaskiya. Mun san wannan a gida: ranar da aka fara auna makaranta da yawan waɗanda suka ci jarrabawa kaɗai, ranar aka buɗe kasuwar cibiyoyin da ake saye wa yara sakamako. Ka ce wa injiniya kada gaɓa ta wuce maki 10, zai datsa mai maki 60 gida bakwai, kowace ta fito kore shar, mai karatu kuma yanzu sai ya yi ta tsalle tsakanin wurare bakwai kafin ya haɗa ma'ana.

Manhajar tushe ta ƙara da nata wahalhalun. Zuciyar Linux ta haura layi miliyan 40 a farkon 2025, kuma tana da zaɓuɓɓukan haɗawa fiye da 10,000, ta yadda abin da ke aiki a wayarka da abin da ke aiki a babbar kwamfutar banki daga rubutu ɗaya suka fito amma ba abu ɗaya ba ne. Wanne za a auna? Akwai kuma salon da littattafan koyarwa ke hanawa, kamar umarnin tsallakawa kai tsaye zuwa wani layi, wanda masu Linux ke amfani da shi da gangan wajen tattara shara idan aiki ya gaza, domin a wurinsu ya fi tsabta. Mafi munin kurakuran wannan fage ma ba sa bayyana a shafi: ayyuka biyu ne ke gudana lokaci guda, su kai hannu wuri ɗaya, sau ɗaya cikin miliyan.

A ƙirga mutane

Idan ana neman adadin da ya fi hasashen masifa, tarihin shekarun nan ya nuna a ƙirga masu kula da manhajar. Lokacin da aka gano ɓarakar Heartbleed a Afrilun 2014, a cikin OpenSSL da ke kulle sirrin kaso mai yawa na shafukan duniya, sai aka ji cewa gudunmawar da aikin ke samu ba ta wuce kimanin dala 2,000 a shekara ba, kuma mutum ɗaya ne ke yin sa a matsayin cikakken aiki. Kuskuren ya kwana fiye da shekara biyu a buɗe, kowa na iya karantawa, ba wanda ya gano shi. Masu OpenBSD da suka ɗauki rubutun don tsabtace shi sun zubar da layi kusan 90,000 a makon farko.

Na xz ya fi tayar da hankali. Ƙaramar manhajar matse fayil ce da ke cikin kusan kowace kwamfutar Linux, mutum ɗaya ke riƙe da ita a lokacin hutunsa, kuma ya gaji. Wani mai amfani da sunan Jia Tan ya shafe fiye da shekara biyu yana taimaka masa har ya sami amana, sannan ya dasa ƙofar baya. Ya ɓoye ta a fayilolin gwaji da umarnin haɗawa, wuraren da ba mai karantawa kuma ba ma'aunin da ke aunawa. Andres Freund, injiniya a Microsoft, shi ya bankaɗo ta ranar 29 ga Maris 2024, saboda ya lura shiga wata kwamfuta na ɗaukar ƙarin kusan rabin daƙiƙa. Sa'a ce kawai.

Ko rigimar da ta ɓarke a Linux a farkon 2025 kan shigar da harshen Rust, a kan wannan ta tsaya. Masu goyon baya na da hujja mai adadi: Microsoft ta ce kimanin kashi 70 cikin 100 na ɓarakar tsaro da take toshewa daga kuskuren sarrafa ƙwaƙwalwar kwamfuta suke, Google kuma ta ce a Android irin waɗannan sun sauko daga kashi 76 a 2019 zuwa 24 a 2024 bayan ta karkata ga harsuna masu kariya. Christoph Hellwig, ɗaya daga cikin daɗaɗɗun masu kula, ya ƙi, yana mai cewa harshe biyu a gida ɗaya zai sa kulawa ta gagara. Hector Martin, jagoran masu ɗora Linux a kwamfutocin Apple, ya ajiye muƙaminsa cikin fushi. Gefe ɗaya na da alƙaluma, ɗaya gefen na da nauyin da yake ji a wuyansa wanda ba shi da hanyar aunawa. Linus Torvalds ne ya raba gardamar da ikonsa, aka ci gaba da Rust.

Abin da ya shafi mai ƙuri'a

Mai karatu na iya cewa wannan rigimar injiniyoyi ce. Ma'aikatan gidan waya na Birtaniya ba za su yarda ba. Tsakanin 1999 da 2015 an hukunta fiye da 900 daga cikin masu riƙe da rassa bisa zargin sata ko almundahana, saboda manhajar Horizon ta kamfanin Fujitsu ta nuna giɓin kuɗi. Wasu sun yi zaman kurkuku, wasu sun kashe kansu. Kotuna sun riƙa ɗauka cewa kwamfuta na aiki daidai sai in an kawo hujjar akasin haka, waɗanda ake tuhuma kuma ba su da ikon ganin cikinta. Sai a Disamban 2019 babbar kotu ta tabbatar da cewa manhajar na da kurakurai masu iya haifar da giɓin ƙarya. A gaban kwamitin bincike aka ji cewa tun 1998 wasu injiniyoyin cikin gida sun rubuta rahoto kan munin rubutun, suka nemi a sake rubuta sashen lissafin kuɗi, aka ƙi.

Mu ma mun ɗanɗana, ko da yake namu ba a can ƙasan tushe ya faru ba. Ranar 25 ga Fabrairu 2023 sakamakon zaɓen shugaban ƙasa ya ƙi hawa shafin IReV na tsawon sa'o'i, alhali na 'yan majalisa na hawa. Rahoton da INEC ta fitar bayan shekara guda ya ɗora laifin a kan kuskuren tsari: manhajar na jera sakamako ne ƙarƙashin jiha-jiha, zaɓen shugaban ƙasa kuwa ba na wata jiha ba ne, sai ta rasa inda za ta ajiye shi. A Mayun 2025 shugaban JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya zubar da hawaye a bainar jama'a yana amsa cewa tangarɗa ta taɓa sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da Kudu maso Gabas, saboda wani gyara da bai isa wasu kwamfutocin ba. Mai yiwuwa bayanan biyu gaskiya ne tsantsa. Irin waɗannan kurakurai na faruwa kullum. Abin lura shi ne a duka biyun jama'a sun dogara ne da bakin hukumar da abin ya faru a hannunta. Wanda ya yarda ya yarda ne don ya amince da ita, wanda ya ƙi ya ƙi ne don bai amince ba, kuma babu ɗayansu da ya ga rubutun.

Turai ta zaɓi wata hanya. Dokar Tarayyar Turai kan juriyar kayan dijital ta fara aiki a Disamban 2024, manyan wajibanta kuma za su hau kan kamfanoni a Disamban 2027. Ba ta ce kowace manhaja ta ci maki kaza ba. Ta wajabta wa mai ƙera kaya ya ajiye jerin sassan manhajar da ya haɗa, ya ci gaba da toshe ɓaraka na tsawon lokacin da a mafi yawan kaya bai gaza shekara biyar ba, ya kuma kai rahoto cikin sa'a 24 idan ya san ana cin gajiyar wata ɓaraka. Wata dokar ta dabam, ta 2024 ita ma, ta sanya manhaja cikin kayan da ake iya neman diyya a kansu idan suka cutar, ta kuma ba kotu ikon tilasta wa kamfani fito da hujjojin da ke hannunsa. Wato da masu dokar suka ga mudun bai cika ba, sai suka koma kan tambayar wa zai ɗauki alhaki da kuma wa ke da ikon dubawa.

Waɗannan tambayoyi ne da ɗan majalisar da bai taɓa rubuta layi ɗaya ba zai iya yi a zaman kare kasafin kuɗi. Idan hukuma ta sayi manhaja da kuɗin jama'a, rubutun asalin na hannunta ko na hannun ɗan kwangila? Mutum nawa ne a cikin hukumar za su iya buɗe shi su gyara in kamfanin ya tattara ya tafi? Wane mai bincike mai zaman kansa ne ya karanta shi, kuma ina rahotonsa? A nemi makin McCabe da sauransu, ba laifi, domin 146 ta isa ta sa a dakata. Amma a shari'ar Toyota sai da aka je kotu kafin ƙwararrun masu ƙara su sami shiga ɗakin da za su ƙirga ta, shekaru bayan an binne matar da ke kujerar gefe. Zaɓen 2027 kuma da manhaja za a sake yin sa.